Yadda ake samun aiki a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, da yadda ake leƙa gari ba tare da jirgi ya bar ka ba

Duk sanda na zo hutu Yawuri, ba na kwana biyu sai samari sun fara tsayawa a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Hotunan da nake sakawa a Facebook ne ke kawo su: ga ni a harabar babban masallacin Kasabalanka ta ƙasar Maroko, ga ni a bakin teku a Basalona da baƙin tabarau kamar wani ɗan ƙwallo. Bayan gaisuwa da ban gajiya, tambayar ba ta canzawa: "Yaya, ta ina ake shiga?" Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in tura masa.

Akwai abin da hoton bai faɗa ba. Ranar da na ɗauki na Basalona, ƙarfe 7 na safe na kama aiki, na samu sararin awa uku da rana, na koma bakin aiki har 10 na dare. Awa ukun nan na barcina ne, na sayar da su na sayi hoto. Ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta sauran.

Ka fara sanin abin da za ka shiga

Jirgin nan otal ne aka ɗora a kan teku. Manyansu, irin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikatansa kuma 2,350. Gari ne guda, da kasuwarsa da asibitinsa da gidan wankinsa da masu kwashe shara.

Ma'aikata kashi uku ne. Akwai na tuƙi, akwai na inji, kuma manyan muƙaman waɗannan biyun sai wanda ya yi karatun teku na shekaru, irin na makarantar da ke Oron a jihar Akwa Ibom, ya samu takardar ƙwarewa. Na uku shi ne sashen otal, wanda ya fi kowanne yawan mutane, kuma ta nan irinmu suke shiga: wanki da guga, gyaran ɗakuna, kicin, wankin kwanuka, kai abinci tebur, sito, tsaro.

Wani kawuna Basarke, wanda ya tsufa a cikin kwalekwale a kan kogin Kwara, da ya ji aikin da na samu sai ya ce, "To ai gado ka bi." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wata shida na yi ban taɓa ruwan teku da hannuna ba, zanin gado nake ninkewa." Iya iyo zai taimake ka a wurin horo, amma ba shi ake dubawa a ɗauke ka ba.

Mataki na farko: zaɓi sashenka tun kana gida

Na sa wannan a gaba saboda a nan namu suke shiga ruɗani. Ana sayar da giya a jirgin nan dare da rana, ana dafa naman alade, akwai ɗakin caca. Mai kai abinci tebur zai zuba wa baƙo giya, ba yadda zai kauce. Kukun babban kicin zai yanka alade. In ka sa hannu a kwantiragin mai hidimar tebur, ka je tsakiyar teku ka ce addininka ya hana, ba wanda zai saurare ka, domin da idonka ka karanta. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ni gidan wanki na zaɓa, daga baya na koma gyaran ɗakuna. Akwai kuma share hanyoyi da dakunan taro, gashin burodi, tsaro, asibiti ga ma'aikatan jinya, da gyaran lantarki, famfo da na'urar sanyaya ɗaki ga masu sana'ar hannu. Ko a gyaran ɗakuna wata rana za ka kwashe kwalaben da baƙo ya bari. Ka zauna da malaminka ka faɗa masa aikin dalla-dalla, kada ka ɓoye masa komai, sannan ka yanke shawara. 'Yan'uwa mata kuma, ki tambayi tsarin yunifom da maganar ɗankwali tun a wurin ganawa, ki nemi a ba ki amsa a rubuce. Masu gemu ma haka, domin kowane kamfani da ƙa'idarsa.

Mataki na biyu: gogewa da Turanci

Yawancin kamfanoni suna son wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu a otal ko gidan abinci na gaske. In ba ka da ita, ka tafi Abuja ko Legas ko Kano ka nemi otal babba ka fara ko da daga ƙasa ne, ranar da za ka bari ka karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da hatimi da lambar wayar da za a kira a samu mutum. Hukumar NIHOTOUR tana ba da horon aikin otal, takardarta tana ƙara wa fayil nauyi. Shekarunka su kai 18, wasu ayyukan kuma sai 21.

Turanci dole ne, domin da shi ake ba da umarni in gobara ta tashi. Kamfanoni da yawa suna sa a yi jarrabawar Turanci ta Marlins a kwamfuta. Ba nahawu mai zurfi ake nema ba, kunne ake nema: ka gane Turancin Bafilifine da na Ba'indiye da na Ba'italiye cikin ƙarar inji.

Mataki na uku: takardu, kuma a jere

Ka fara da fasfo, a ofishin shige da fice na Birnin Kebbi, ko Gusau ga mutanen Zamfara. In da hali ka yi mai shafi 64 na shekara 10, domin hatimai suna cinye shafuka. Kafin ka je, ka baje takardunka duka a tabarma ka duba sunanka. Mu muna da wannan ciwo: a NIN kana Muhammad, a takardar sakandare Mohammed, a banki an ƙara maka sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A gida wannan ba ya damun kowa, amma ma'aikacin ofishin jakadanci mutum uku yake gani. Ka gyara su zama ɗaya kafin ka kashe ko sisi a kan sauran.

Sai horon STCW. Wannan yarjejeniya ce ta hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, tun 1978, aka yi mata babban gyara a 1995 da kuma a Manila a 2010. Duk mai aiki a jirgi, har mai wankin kwanuka, sai ya yi darussa huɗu: yadda za ka tsira a ruwa, kashe gobara, agajin farko, da kiyaye kai da zama da abokan aiki. Ana ƙara na sanin tsaro, da na sarrafa cunkoson jama'a ga jiragen fasinja. Makarantun suna kudu, a Legas da Fatakwal da Oron, kuma kafin ka biya ka tabbatar sunan makarantar yana cikin waɗanda hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, NIMASA, ta amince da su. Takardar da aka buga maka ba tare da ka jiƙe ba, ranar da aka bincika ta za ka gane asara ka yi.

Horon yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu. Za a sa maka rigar ruwa ka diro daga sama, ka juya kwalekwalen roba da ya kife, ku rungumi juna a cikin ruwa don kada ɗumin jiki ya tsere. Ranar ruwa ni dariya nake yi, yaron da ya tashi a bakin Kwara, ina kallon manyan ƙarti suna salati a bakin tafkin wanka. Ranar wuta aka rama musu. An ɗaura min tukunyar iska a baya, aka tura mu cikin wani akwatin ƙarfe mai duhu cike da hayaƙi, muna rarrafe muna laluben gunkin da aka ajiye a matsayin mutum. Na fito gwiwoyina suna rawa. Darasin ruwa da na wuta ana sabunta su duk shekara 5.

Bayan nan sai gwajin lafiya a wurin likitan da aka amince da shi, takardarsa ba ta wuce shekara 2. Wasu kamfanonin suna da nasu likitan, don haka kada ka yi gaggawar wannan sai an faɗa maka inda za ka je. Sai littafin ma'aikacin teku daga NIMASA, wanda a ciki ake buga ranar da ka hau kowane jirgi da ranar da ka sauka. Sai katin rigakafin shawara mai launin rawaya, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi.

Biza ce ƙarshe, kuma ba a nemanta sai da takardar ɗaukar aiki a hannu. Jirgin da ke shiga Amurka yana buƙatar bizar ma'aikatan jirgi mai suna C1/D, wadda ake ganawarta a ofishin jakadanci a Abuja ko Legas. Wanda zai hau jirgi a Italiya ko Sifaniya kuma bizar Shengen. Dokokin biza suna sauyawa, ka karanta na ranar a shafin ofishin jakadancin da kanka, kada ka dogara da jita-jitar WhatsApp.

Mataki na huɗu: neman aikin, da 'yan damfara

Hanya biyu ce. Ko ka shiga shafin ɗaukar ma'aikata na kamfanin kai tsaye, irin su Carnival, Royal Caribbean, MSC, Norwegian da Costa, ko ka bi ta wakilin da kamfanin ya amince da shi. Manyan kamfanoni suna wallafa sunayen wakilansu a shafinsu. Wanda ba ya cikin jerin, kada ka ba shi ko kwafin fasfonka.

Ga dokar da za ka haddace. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku, MLC ta 2006, wadda ta fara aiki a Agustan 2013 kuma Najeriya ta sa mata hannu, ta hana a karɓi kuɗi daga ma'aikaci don a samo masa aiki. Abin da ke kanka shi ne kuɗin fasfo, littafin teku da takardar lafiya ta ƙasarka. Kuɗin biza kuwa a kan mai jirgi yake, ko da ka fara biya ka ajiye rasit a mayar maka. Saboda haka duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom, ko kuɗin ajiye gurbi, ko na yunifom zuwa asusun wani mutum, ɓarawo ne, ko da a masallaci kuka haɗu. Na san wani yaro daga wajen Koko da aka sayar da buhunan shinkafar gidansu saboda wata takarda mai hoton jirgi da aka turo masa ta waya, ba ganawa, ba tambaya, da alƙawarin dala dubu huɗu a wata a aikin share ƙasa. Don ka samu ma'auni: mafi ƙarancin albashin da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta tsayar wa ƙwararren ma'aikacin sashen tuƙi a 2025 dala 673 ne a wata. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ganawar gaskiya ta bidiyo ake yi. Ka nemi wuri mai haske da intanet mai ƙarfi, ka sa riga mai kwala, ka saki fuska. Mu an koya mana sunkuyar da kai gaban babba, su kuma a wurinsu wanda bai kalli ido ba kamar yana ɓoye wani abu ne. Ka gwada a gaban madubi.

In an ɗauke ka, ka karanta kwantiragin layi-layi: wata nawa, albashi nawa ne tsayayye, nawa ne na tukwici da ƙarin lokaci, wa zai biya tikitin zuwa da na dawowa. Na sashen otal yawanci wata shida zuwa tara ne, sai hutun kamar wata biyu.

Jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kada ka cika kaya, ɗakin ƙarami ne. Baƙin takalmi mai taushi wanda ba ya santsi, safa da yawa, rigar sanyi ɗaya, ƙaramar darduma, agogon hannu na allura. Takardunka na asali a jakar hannu, kada su shiga ta awo. Yaji da kuka da daddawa a ƙulle da kyau, ka bayyana su in an tambaya. Kilishi da dambun nama kuwa ka cinye su a filin jirgin Legas, domin Turai da Amurka ba sa barin a shiga da nama, kwastan za su zubar a gabanka.

Makon farko

Ɗakinka yana can ƙasa, ba taga, ku biyu a gado mai hawa biyu. Akwai wata doguwar hanya da ta ratsa jirgin daga kai zuwa gindi inda ma'aikata da kaya ke bi, a jirage da yawa ana ce mata I-95, sunan wata babbar hanyar mota a Amurka. Ka fara gane ta, sauran za su zo. Za ka ɓata, za ka yi jiri, wataƙila ka yi amai kwana biyu. Citta tana taimakawa, asibitin jirgi ma yana ba da ƙwaya.

Za a ba ka kati mai lambar aikinka na gaggawa da wurin da za ka tsaya. Ka haddace shi kamar Fatiha. Jiniya gajera sau bakwai da doguwa ɗaya ita ce kiran kowa ya je wurinsa. Atisaye ba ya ƙarewa, kuma tun bayan da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, aka ƙara tsanantawa, har ya zama sai an yi wa fasinja bayanin tsira tun a farkon tafiya.

Babu ranar hutu, kwana bakwai ake aiki. Doka ta ce ka samu hutun aƙalla awa 10 a cikin 24, da awa 77 a mako, kuma kada a raba hutun yini fiye da gida biyu, ɗaya ya kai awa 6. Ka riƙa rubuta awanninka na gaskiya. In an zalunce ka akwai hanyar kai ƙara a cikin jirgi, akwai masu binciken ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, a manyan tashoshi, akwai layin SeafarerHelp da ke amsawa dare da rana kyauta.

Tsabta kuwa har ta fi ta asibiti. Jiragen da ke zuwa Amurka ana yi musu binciken ba-zata, maki 85 zuwa ƙasa faɗuwa ce. In cikinka ya ɓaci ka kira asibiti nan take, ɓoyewa laifi ne da ake kora a kansa. Haka nan soyayya da fasinja, ko shiga ɗakinsa ba bisa aiki ba.

Abinci kyauta ne, shinkafa ba ta yankewa saboda yawan 'yan Filifin da Indunusiya da Indiya, ga kifi da ƙwai da wake. Ka tambayi kuku abin da ke cikin miya kafin ka zuba. Ka nemi 'yan Indunusiya tun ranar farko, akasarinsu Musulmi ne, su za su nuna maka inda ake haɗuwa salla da yadda ake shirya sahur a watan azumi. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, don haka ka duba wayarka kowace salla. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun yi maganar ma'aikacin jirgin ruwa a babin ƙasaru, ka sa malam ya buɗe maka wurin kafin ka tafi, ka tambaye shi har hukuncin wuraren da rana ba ta faɗuwa da bazara, irin arewacin Nowe.

Yanzu sai maganar fita gari

Tsayawar jirgi a tasha ba ita ce hutunka ba. Masu kantuna da ɗakin caca su ne 'yan gata, domin ana rufe wurarensu muddin jirgi yana tasha. Masu gyaran ɗaki muna samun tsakar rana. Ranar da ake sauke fasinja a ɗauki sababbi kuwa ka manta da gari, ko sama ba za ka gani ba.

Da farko ka duba ko kana cikin jerin masu zama. A kowace tasha dole wani kaso na ma'aikata su zauna a jirgi saboda gaggawa, ana yin abin bi da bi, kuma katinka ba zai buɗe maka ƙofa ba ranar da yake kanka. Ana iya musanya da wanda aikinku na gaggawa ɗaya ne, da izinin shugaba. Na biyu, ka tambayi ofishin ma'aikata ko mai fasfon Najeriya yana da izinin sauka a wannan ƙasa. Akwai tashoshin da abokin ɗakinka zai fita, kai ka tsaya kana kallon gari daga bene. Abin yana da ciwo, amma gara ka sani tun daren jiya.

A bakin gadar sauka akwai allo da aka rubuta lokacin da ma'aikata za su dawo, wanda yake riga na fasinja. Ka ɗauki hotonsa. Ka ɗauki lambar wayar wakilin jirgi na wannan tasha, shi ne gatanka in wani abu ya faru. Ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet. Ka riƙe katin aikinka, kwafin fasfo, da kuɗi kaɗan. Kada ka fita da 'ya'yan itace ko abincin jirgi, ƙasashe da yawa suna cin tara a kai.

Sai agogo, wanda saboda shi na ce ka sayi na allura. Jirgi yana da nasa lokacin, kuma ba kullum yake daidai da na gari ba. Wayarka kuwa da ta ji layin ƙasar sai ta juya da kanta ba sallama. A Kozumel ta ƙasar Meziko abin ya same ni. Daga Maris zuwa Nuwamba agogon Miyami yana gaban nasu da awa ɗaya, jirginmu kuma a kan na Miyami yake. Ina zaune a wani shago ina hira da Inna ta bidiyo, tana nuna min ɗan akuyar da aka haifa, wayata tana cewa saura awa ɗaya da kwata. Allah ya jefo wani ɗan Indunusiya da muke salla tare, ya wuce a guje, ya waiwayo ya daka min tsawa yana nuna hannunsa. Saura minti goma sha biyar. Na isa ana shirin janye gada, na sha takardar gargaɗi, kuma wata guda ban sake taka ƙasa ba. Jirgi ba ya jiran mai ninke zanin gado. In ya tafi, da kuɗinka za ka bi shi tasha ta gaba, in ma an bar ka ka ci gaba da aikin.

Tun daga ranar na sa wa kaina ƙa'ida: lokacin da aka rubuta a allo, ina cire masa awa ɗaya, shi ne nawa.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, fasinja sau ɗaya yake zuwa, kai kuwa jirginka yana zagaya tashoshi iri ɗaya duk mako ko kwana goma, wata da watanni. Garin da ka gani yau za ka sake ganinsa sau goma sha. Saboda haka zuwan farko kada ka yi nisa. Ka gano abu huɗu kawai: babban kanti mai araha, wurin intanet, masallaci, da inda ake sayar da abincin halal. Ka auna minti nawa ne daga nan zuwa ƙofar tasha, da kuma daga ƙofar zuwa jirgi, domin wasu tashoshin sai an shiga bas a cikinsu. Zuwa na biyu ka ƙara nisa. Manyan wurare ka bar su sai ranar da ka samu awa shida ko jirgi zai kwana.

Misali, za a ce maka jirgi ya zo Rum, babban birnin Italiya. Ƙarya ce mai kama da gaskiya: a Cibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin, sama da awa ɗaya a jirgin ƙasa zuwa, haka dawowa. Mai awa uku ba shi da abin yi a Rum. Istanbul kuwa tashar tana tsakiyar gari, tarago zai kai ka unguwar masallacin Sultan Ahmad cikin 'yan mintuna. A Kasabalanka ɗan gajeren tasi ne zuwa masallacin Sarki Hassan na biyu, wanda aka gama a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani ɓangarensa a kan teku. A nan na fara samun Juma'a bayan wata huɗu, kuma ban san hawaye suna zuba ba sai da na kusa da ni ya miƙo min hankici. A Basalona ka shiga unguwar Rabal kusa da titin Rambla, mahautan halal na 'yan Pakistan da Maroko sun cika ta, amma ka mayar da wayarka aljihun gaba, masu yankan aljihun wurin sun fi na kowace tashar mota da ka sani. A Marsai da Nafoli akwai unguwannin 'yan Afirka ta Yamma inda za ka samu kuɓewa da barkono mai zafi. In jirginka ya biya Jidda, kada ka ɗauka Umra ta samu don Makka tana kusa, sai da izinin jirgi da na hukumomin Saudiyya.

Wasu wuraren, kamar tsibirin Santorini na Girka, jirgi ba ya matsowa gaɓa, anga yake jefawa a kai mutane da ƙananan jirage. Fasinja ake fara kaiwa, ma'aikata sai layi ya ragu, dawowa kuma wani layin ne. Mai awa biyu ya yi barcinsa ya fi masa.

Dabaru biyu da ba kowa ke faɗa wa sabo ba. Ɗaya, ofishin da ke shirya wa fasinja yawon gari yakan nemi ma'aikacin da zai raka motarsu, yana ƙirga kai yana riƙe allo. Ka rubuta sunanka. Kyauta za ka ga wurin, kuma motar da jirgi ya tura ita ce kaɗai yake jira in ta makara. Biyu, tashoshi da yawa suna da gidan ma'aikatan teku na ƙungiyoyi irin Mission to Seafarers da Stella Maris. Na coci ne, amma ba sa tambayar addininka: intanet, layin waya, wani lokaci da motar da za ta kai ka kanti ta dawo da kai.

Kada ka fita kai kaɗai a garin da ba ka sani ba, ku zama biyu ko uku. Kada ka karɓi ƙunshi daga kowa ka shigar jirgi, ko da ya ce magani ne na ƙanwarsa da ke aiki a kicin, musamman a tsibiran Karebiyan. Ana bincike da na'ura da karnuka, kuma wanda aka samu abu a jakarsa shi ne mai shi. Sannan maganar sulalewa, wato mutum ya sauka a Turai ko Amurka ya ƙi dawowa. Za a zuga ka. Wanda ya yi haka ya zama mai ɓuya, ba takarda, ba zuwa jana'izar uwa ko uba, kuma ya ƙara toshe ƙofa ga duk mai koren fasfo da ke bayansa.

Kuɗi da dawowa

Ka buɗe asusun dala kafin ka tafi. Ana biya duk wata, ba ka biyan haya, ba ka sayen abinci, don haka abin da ke cinye kuɗin ma'aikaci uku ne: intanet, sayayya a tasha, da kiran gida. Ka yanke abin da za ka riƙa turawa duk wata, ka faɗa wa mutum ɗaya a gida, sauran masu buƙata su bi ta wurinsa. Ka ware na wata biyun hutu, domin albashi yana tsayawa ranar da ka sauka. Ni kwantiragina na farko injin ban ruwa ya zama a fadamar Baba, na biyu ya yi katanga.

Ranar sauka kada ka bar jirgi sai an buga maka hatimi a littafin teku, ka karɓi takardar kimanta aikinka, ka tambayi ranar komawa. A jirgin sama ka duba ranakun ƙarewar fasfo, biza, takardar lafiya da ta STCW, duk wadda za ta mutu a tsakiyar kwantiragi mai zuwa ka sabunta ta a Legas kafin ka kamo hanyar Kwantagora, don kada ka sake yin wannan doguwar tafiya sau biyu.

In ka iso gida, kwana biyu ko uku za ka ji ƙasa tana lilo a ƙarƙashinka, musamman in ka tsaya salla. Zuwana na farko Inna ta gan ni ina tafiya a tsakar gida ƙafafu a buɗe ina dafa bango, ta ajiye muciya ta ce, "Kai, me suka ba ka a can?" Sai da kawu ya zo ya yi mata bayani.